Gidan da Ba a Dangwalawa

Yayana Jumberi ya rasu gahawarsa tana kan tabarma, ko hucewa ba ta gama yi ba. Da safe ne. Uma, mahaifiyarmu, ta haɗa masa ita yadda yake so, baƙa ƙirin da sukari har ya kwanta a ƙasan kofi, ta ajiye a gabansa. Fasinjoji sun riga sun cika kwalekwalensa mai inji a bakin dandamali suna ta ƙwala masa kira. Sai ya yi abin da kowannenmu ke yi idan yana sauri: ya dangwala yatsa a cikin kofin, ya kai leɓe, ya ce Uma ta rufe masa zai dawo ya sha. Bai yi nisa a kogin Barito ba ruwan sama ya kece, jirgin dakon gawayi ya ɓullo daga kwana ya bi ta kansa. Fasinjojin an tsamo su da ransu. Shi sai washegari aka same shi can ƙasa, wajen masu sayar da katako.

A garinmu Banjarmasin ko yaron da bai iya wanke hannu ba ya san ba a miƙo maka abinci ko abin sha ka tashi ka fita ba ka taɓa ba. Kapuhunan muke ce wa abin da ke biyo baya, ka faɗi a babur, ko maciji ya sare ka, ko ruwa ya ci ka. Amma tun zamanin kakanni an bar wa mai sauri da mai ƙoshi ƙofa, dangwalen nan da yatsa ya wadatar. Uma ce ta rufe wannan ƙofa a gidanta tun daga ranar. Ta wanke kofin Jumberi da ɗan farantinsa mai shuɗin baki, ta ɗora su a saman kabad, ta ce daga yau duk wanda aka miƙa wa abu a ƙarƙashin rufinta sai ya zauna ya cinye. Ta ce da ɗanta ya zauna ya shanye gahawar nan, da jirgin gawayin ya wuce kafin ya isa kwanar. Ni Hairiah, da Uma ke kira Iyah, da aka sani ba na barin magana ta faɗi ƙasa, na buɗe baki zan yi musu, sai na fasa. Gaskiya ta faɗa, da ya wuce.

Jumberi ya bar 'ya ɗaya, Mahrita, tana da shekara shida a lokacin. Uwarta ta gama takaba, ta auri wani mutumin Samarinda, ta bar yarinyar a hannun Uma. Ban zarge ta ba, ko da yake na yi ta gunaguni a lokacin. Gidana da na Uma katako ɗaya ne ya haɗa su a kan ruwa. Ina ɗinki, ba ni da miji a yanzu, Allah kuma bai ba ni haihuwa ba, saboda haka Mahrita ta tashi tana tsallake katakon nan sau ba adadi a rana. Acil take kirana, kamar yadda kowa ke kiran ƙanwar ubansa, ni kuma in ce mata Galuh idan muna shiri, in kira cikakken sunanta idan ta ɓata min rai. Kakarta Nini take ce mata, ubanta kuma Abah.

Tana da shekara sha biyu ciwon ya bayyana. Ta rame, ta riƙa shan ruwa kamar an aiko ta, tururuwa kuma ta dinga bin zanen da ta cire. Ni na kai ta asibiti. Likita ta ce ciwon sukari ne irin na yara, jikinta ya daina yin abin da ke sarrafa sukari, allura ce za ta riƙa yi masa wannan aiki har ƙarshen rayuwarta. Kafin kowane abinci allura, kafin barci allura, a huda yatsa a duba jini, a auna shinkafa, a rabu da shayi mai sukari. Aka ba mu allurar irin mai kama da biro, aka koya mana a kan lemo. Da muka dawo na zayyana wa Uma komai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce to, ciwo na Allah ne, amma yarinyar nan ta rame da yawa.

Sai ka san sana'ar Uma kafin ka gane irin gidan da muka dawo da yarinyar. Bingka take yi na sayarwa, kek ɗin nan na ƙwan agwagwa da madarar kwakwa da sukari, wanda idan ka ci yanka guda sai ka nemi ruwa. Gidan kullum ƙamshin ƙonannen sukari yake yi, har labulen ya kama. Uma ba ta hana allura ba, kada in yi mata ƙarya. Kallonta ne ba ta iyawa. Duk lokacin da Mahrita ta ɗauko biron nan sai ta kau da kai ta ce ta shiga ɗaki ta yi abinta ta rufo ƙofa. Maganin ma a firjina yake zama, don nata cike yake da ƙwai. Haka aka raba abin tun farko ba tare da kowa ya shirya ba: abinci a falo a gaban jama'a, allura a bayan ƙofa.

Shekarun farko yarinyar ta yi ƙoƙari, har ina yi wa maƙwabta alfahari da ita. Idan Uma ta ajiye mata shayi da yankan bingka kafin ta tafi makaranta, sai ta ci, ta tsallako wajena mu ƙara allurar yadda likita ta nuna mana. Ba daidai ba ne, amma ana lallaɓawa. Na yi wa Uma magana a kan shayin har bakina ya gaji. Ta rage sukarin kwana biyu, ta koma gidan jiya, ta ce wane irin shayi ne wannan za a ba marainiya kamar ruwan wanke tukunya.

Da Mahrita ta kai sha biyar sai na ga ta daina tsallakowa da safe. Ta ce ta girma, za ta ɗauki biron ta riƙa yi da kanta. Na ji daɗi ma a lokacin. Amma ni mai ɗinki ce, idona a kan ƙugun mutane yake. Siket ɗin makarantar da na ɗinka mata ya fara juyawa a jikinta, ta koma yawan shan ruwa, kuma sauran maganin da ke firjina yana nan yadda na jera shi. Wata la'asar na same ta a kan dandamali tana wanke farin hijabinta na makaranta, na zauna kusa da ita na sa ƙafa a ruwa.

"Galuh, maganin nan da ke firjina haihuwa yake yi ne? Tun watan jiya ban ga ya ragu ba."

"Acil kin bar ɗinki kin koma gadi ke nan."

Na ce mata ni da gadi sai ranar da aka binne ni, ta faɗa min gaskiya. Ta ci gaba da cuɗa hijabin da ya riga ya fita. Da ƙyar maganar ta fito, guntu-guntu. Wasu 'yan ajinsu sun leƙa ta a bayin makaranta ta ɗaga riga tana soka allura, suka sa mata suna 'yar ƙwaya. Malama ta tsawata musu, sunan dai ya zauna. Tun daga nan ta bar ta rana. Da ta ga ba ta mutu ba sai ta fara tsallake ta safe, wani lokacin har ta dare. Ta ce cikinta duk ya yi ƙulli-ƙulli, yatsunta sun zama kamar matashin da nake soka alluran ɗinki, kuma ta gaji da abin da ba ya ƙarewa. Na ce to bingkar fa, da shayin, me ya hana ta ce wa kakarta ta ƙoshi. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Acil, idan na ƙi bingkar Nini, Abah take gani a cikin ruwa. Idan na ƙi allura ba wanda ke ganin komai."

Na zo da faɗa cike da bakina, na koma da shi ban yi ba. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya turnuƙe ni, na rasa wanda zan sauke wa. Ta yi min alkawari za ta koma yi, har da rantsuwa, irin rantsuwar 'yan shekara sha biyar. Ni kuma na tsallaka katakon na sami Uma a kicin tana fasa ƙwai a cikin kwano.

Na faɗa mata komai, ban tauna ba. Na ce jikarki ta bar allura, ke kuma kina ɗura mata sukari safe da yamma, ku biyu kun haɗu kuna haƙa rami ɗaya. Na ce ba a ce ki hana ta abinci ba, a bar ta ta dangwala kamar 'ya'yan kowa, dangwale ai ba ni na ƙirƙiro shi ba. Uma ba ta ɗaga kai ba. Ta fasa ƙwai, ta jefar da ɓawon, ta ɗauki wani.

"Iyah, kin taɓa zubar da gahawar da ɗanki ya ce ki rufe masa?"

Ta san inda za ta soke ni, ta kuma soka. Ban haihu ba, ban binne ba. Na fita, na yi kwanaki ban taka gidan ba sai dai in tare Mahrita a dandamali idan kwalekwalen Amang Sahran, mai kai yaran unguwarmu makaranta, ya sauke su. In tambaye ta ta yi, ta ce ta yi. Maganin firjin ya ɗan ragu. Daga baya ne ta faɗa min a kogi take matse shi.

Ana haka ranar addu'ar shekara ta Jumberi ta zagayo. Uma ba ta wasa da wannan rana. Tun da sauran kwanaki aka fara toye-toye, gidan ya cika da mata, kowace ta zo da nata kayan zaƙin a faranti don a sa a cikin sadaka. Maza suka yi karatu a falo suka watse, mata suka baje. Mahrita ce mai zagayawa da tire, 'yar mamaci, kowa yana son ya ja ta jiki. Wannan ta ce zo ki ɗanɗana nawa, Galuh, don Abahnki. Waccan ta ce kin ci nata za ki ƙi nawa. Da yawansu sun san tana da ciwon, amma a wajensu ciwon sukari na tsofaffi ne masu tumbi, yanka ɗaya me zai yi wa yarinya. Uma kuwa tana zaune a bakin ƙofa, idonta a kan hannun jikarta. Na ja Mahrita gefe wajen tukwane na tambaye ta allura. Ta ce ta yi, har ta ƙara saboda yau ranar zaƙi ce. Ta faɗa tana kallon cikin idona.

Washegari ina da kayan amarya da zan kai can hayin kogi, na fita da wuri. Na leƙa gidan Uma, ta ce yarinyar ta yi amai, gajiyar jiya ce, ba za ta makaranta ba. Na ce a ba ta ruwa, a duba jininta, ina dawowa. Sai bayan azahar na dawo, don amaryar ta ce hannun rigar ya matse ta, na zauna na warware na sake. Tun daga kan dandamali na ga takalman mata a ƙofar Uma, sai na ƙara sauri.

Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labarinsa. Amai ya ƙi tsayawa, yarinyar ta riƙe ciki, ta fara magana ba kan gado. Uma ta duba ta ga wannan ba gajiya ba ce, kuma abu ɗaya ne ta sani da ke kayar da mutum haka washegarin taro. Ta yafa gyale ta bi gidajen matan da suka zo jiya ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya wa ya miƙa wa jikarta abu ba ta karɓa ba. Kowace ta ce ta ci nata. Sai wata tsohuwa a ƙarshen layi ta tuna cewa dab da tashi ta zuba mata gahawa, yarinyar ta ce bari ta ajiye tire ta dawo, ba ta kuma dawo ba. Gahawa. An ce Uma daga nan ta juyo gida kai tsaye.

Maganin kapuhunan kowa ya san shi, a nemo abin da mutum ya bari a ba shi. Da na shiga ɗakin, Mahrita tana kwance a kan cinyar wata maƙwabciya, idonta rabi a rufe, tana jan numfashi mai zurfi da sauri kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana warin 'ya'yan itacen da suka fara ruɓa. Uma tana durƙushe a gabanta da kofin Jumberi, wanda bai sauko daga saman kabad ba tun rasuwarsa. Ta haɗa gahawar yadda yake so, tana ɗura wa 'yarsa da cokali, rabi yana shiga, rabi yana bin wuya.

Ban san lokacin da hannuna ya kai ba. Kofin ya bugi bango ya tarwatse, gahawar ta bi tsagar katako ta zuba a kogi. Ɗan farantin ne kawai ya gangara ƙarƙashin gado bai fashe ba. Uma ta bi fasassun da kallo, cokalin yana hannunta. Ban ba ta haƙuri ba, ba ni da lokacin. Na ce a kira Amang Sahran, don mota ba ta shiga lungunmu na katako, ta ruwa ya fi sauri.

Muka kwantar da ita a tsakiyar kwalekwalen, kanta a cinyata. Uma ta shigo ba wanda ya gayyace ta, ta zauna a can baya. Rabonta da hawa ruwan Barito tun ranar da aka kawo gawar ɗanta, ko kasuwa za ta sai ta zagaya ta gada. Muka wuce kwanar, wani jirgin gawayi yana tafe a hankali ta gefenmu, baƙi, tsayinsa ya fi gidajenmu. Na waiga na ga leɓen Uma yana motsi, idonta a rufe.

A asibiti suka karɓe ta da gudu, suka rataya mata ruwa hannu biyu, suka shige da ita ɗakin da ba a barin kowa. Likitar, wata matashiya 'yar Jawa mai magana a hankali, ta fito ta ce jinin yarinyar ya yi tsami saboda rashin allura, ba na jiya kaɗai ba, an daɗe ana tarawa. Ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ba ta yi mana alkawari ba. Sannan ta tambaya, ba da faɗa ba, wa ke zama da ita idan za ta yi allurar. Na dubi Uma, Uma ta dubi ƙasa. Likitar ta ce yara a wannan shekarun sukan gaji, kusan dukansu, kuma wanda aka bari shi kaɗai da allurarsa ya fi saurin ajiye ta.

Muka zauna a kan bencin baranda tare da sauran masu jinya. Washegari da hantsi ba labari, na fita bakin ƙofa na sayo shinkafa mai kurkum da kifi a ƙunshe cikin ganyen ayaba, don tun jiya ban ga Uma ta sa komai a baki ba. Na kwance na ajiye a cinyarta na ce ta ci. Ta dubi shinkafar. Ta ɗauke ta da gefen ganyen, a hankali, yadda yatsanta ba zai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, ta ajiye a kan benci. Ta miƙe ta gyara gyale ta ce za ta masallacin da ke tsallaken titi.

Da farko ban gane ba. Sai da ta yi taku kaɗan abin ya dake ni. Matar da ta hana mai karanta mitar wuta fita sai ya shanye shayi, ita ce aka miƙa wa abinci ta tashi za ta tsallaka titin da babura ke gudu. Na bi ta na riƙo hannunta.

"Uma, ki dangwala ko da yatsa ne."

"Sake ni, Iyah. In dai kapuhunan rai yake nema a gidanmu, ga ni."

Na yi fushi da matar nan shekara da shekaru, na kira ta mai taurin kai a gabanta da bayan idonta. A barandar nan fushin ya zube, na ji kunyar kofin da na fasa. Duk abin da ta ɗura wa yarinyar, tsoro ne ya sa ta, kuma ga shi yanzu tana miƙa kanta. Na kasa hana ta. Na tsaya a bakin ƙofar asibiti ina kallonta tana ratsa baburan ba ta duba hagu ko dama ba, har ta hau matakalar masallacin. Babu abin da ya same ta. Ta dawo bayan la'asar ta zauna inda ta tashi, shinkafar tana nan ƙudaje suna bi.

A yammacin ranar Mahrita ta buɗe ido. Abin da ta fara cewa shi ne ƙishirwa take ji. Da aka bar mu muka shiga, ta ga kakarta sai ta juya fuska bango ta fara kuka, tana cewa ta yafe mata gahawar da ta manta. Uma ta zauna a bakin gadon ta dafa ƙafarta. Kwanakin da suka biyo baya tana nan a kujerar, kuma na lura duk lokacin da ma'aikaciyar jinya ta zo da allura ba ta fita. Tana kau da kai, amma ba ta fita. Ranar sallama likitar ta ce wa Mahrita, a gabanmu, wannan karon an samo ta, ba kowane karo ake samowa ba.

Mahrita ta yi hutun kwanaki a gida kafin ta koma makaranta, ni nake tsallakowa in tsaya a kanta. Tana yi, amma da fuskar wadda ake bi bashin rai, kuma ni da ita mun san ba zan iya gadin mutum har abada ba. Uma ta daina toya bingka a gidan, ta mayar da tandarta kicin ɗina. Magana kuwa ba ta cika yi ba, ni ma ban tayar da zancen kofin ba.

Safiyar da Mahrita za ta koma makaranta na shigo da biron daga firji, Uma ta tare ni a ƙofar kicin ta miƙo hannu. Na tsaya ina kallonta. Ta ce in ba ta mana, ko cizo yake yi. Na ba ta. Ta karɓa da yatsu biyu kamar an miƙa mata ɗanyen kifi, ta shige.

Mahrita tana zaune a falo a kan tabarma, ta sa farin hijabi, tana ɗaura igiyar takalmi. Uma ta fito da tire ta ajiye a gabanta. Shinkafa ce daidai awon da likita ta nuna, da gasasshen kifi da ganye, da shayi wanda ko daga launinsa ka san ba sukari. A gefe kuma ga ɗan farantin nan mai shuɗin baki, wanda ya rasa kofinsa, biron allurar yana kwance a kai. Uma ta zauna a gabanta ta naɗe ƙafa, yadda take zama idan ta yi baƙo.

Daidai nan injin Amang Sahran ya tsaya a bakin dandamali, yara suka fara ƙwala kiran sunanta. Mahrita ta dubi taga, tagar a buɗe, daga kwalekwalen ana hango cikin falon. Ta dubi farantin. Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ta makara, za ta yi a makaranta. Ta miƙa yatsa ta taɓa biron, ta kai leɓe, ta jawo jakarta za ta tashi. Na tabbata wasa ta so ta yi, don ta rage nauyin abin. Sai da yatsan ya bar bakinta ta ga fuskar kakarta, ta tsaya a durƙushe.

"Ubanki ma haka ya yi," in ji Uma.

Amang Sahran ya danna ƙaho. Wata yarinya ta leƙo daga kwalekwalen tana cewa ta yi sauri.

"Nini, za su tafi su bar ni."

"Su tafi. Wani zai zo. An miƙo miki abu, Galuh, kin kuwa san gidan da kike."

Mahrita ta koma ta zauna. Ta ɗauki biron ta miƙe za ta nufi ɗaki, Uma ta kama gefen siket ɗinta ta ce nan, inda ake cin abinci. Mahrita ta ɗaga gefen rigarta, cikin nan duk tabo, ta murɗa biron ta nemi wurin da bai yi ƙulli ba. Uma ta gyara zama. Ba ta kau da kai ba. Ta kalli allurar ta shiga, ta kalle ta ta fito, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba.

A waje muka ji injin ya tashi, ƙararsa tana nisa. Uma ta ɗauke ɗan farantin ta riƙe a cinyarta, ta tura tiren gaban jikarta, ta ce ta ci a hankali, ba inda za ta sai ta cinye.